Koyon kiɗan jita da yatsu ta intanet: wace hanya ce ta dace da kai?

Ka sayi jita, ka iya riƙe kod (haɗin sautuka da ake dannewa tare) uku ko huɗu, kana kaɗa tsirkiya shidan gaba ɗaya kana bin waƙa da baki. Sai wata rana ka ci karo da bidiyon wani mutum a zaune shi kaɗai, ba ganga, ba mawaƙi, amma sautin da ke fitowa kamar na makaɗa uku. Babban yatsansa yana tafe a kan tsirkiya masu kauri kamar mai daka, sauran yatsun suna rera waƙar a kan sirara, lokaci-lokaci ya ɗan mari jikin jitar. Wannan shi ne kiɗan yatsu, kuma duk wanda ya shiga ransa ba ya sake gamsuwa da kaɗawa kawai.

Daga nan tambayar take farawa. Darussa sun cika intanet, wasu kyauta, wasu da dala. Hanyoyin da ke gabanka huɗu ne: bidiyon kyauta na YouTube, makarantun da ake biya wata-wata, kwas ko rubutun kiɗa da ake saye sau ɗaya, sai kuma malamin da zai kalli naka bidiyon ya gyara maka. Ukun farko duk hannun malami suke nuna maka. Ta huɗun ce kaɗai ake ganin naka hannun, kuma a kiɗan yatsu wannan ya fi farashi nauyi.

Abin da za a auna

Wahalar wannan kiɗa ba a hannun da ke danne tsirkiya take ba. Tana hannun da ke tsinka. Tsarin da akasari ake koyarwa shi ne babban yatsa ya ɗauki tsirkiya ta 6, ta 5 da ta 4, wato masu kaurin, manuniya ta ɗauki ta 3, yatsan tsakiya ta 2, na zobe kuma ta 1. A rubuce za ka ga haruffa p, i, m, a, waɗanda aka ɗauko daga sunayen yatsun a harshen Sifaniyanci. Salon da kusan kowane malami yake farawa da shi yana ɗauke da sunan Merle Travis, makaɗin jihar Kentucky ta Amurka da ya rasu a 1983: babban yatsa yana kai-komo tsakanin tsirkiya biyu ba ya tsayawa, misali ta 5 da ta 4 idan kana kan kod ɗin C, ko ta 6 da ta 4 a kan G, yayin da sauran yatsun suke shigo da waƙa a tsakankani. Sai babban yatsan ya zama ba ruwansa da abin da 'yan'uwansa ke yi. Kafin ya samu wannan 'yanci ana ɗaukar watanni, kuma a cikin watannin nan ne mugun sabo yake shiga hannu.

Saboda haka ma'aunin farko shi ne gyara: idan ka yi kuskure, wa zai gani? Na biyu tsari, wato ko akwai wanda ya jera maka me za ka fara da shi, me zai biyo baya. Na uku kuɗi, kuma ga mai zaune a Kano ko Maraɗi kuɗi kashi biyu ne, na darasi da na data. Bidiyon jita ba a kallonsa a dishi-dishi, dole ka ga wace tsirkiya yatsa ya taɓa, kuma awa ɗaya a ingancin hoto na 720p yana iya cinye kusan gigabait guda. Na huɗu dorewa: ranar da ka daina biya, ko sabis ya ɗauke, me ya rage a hannunka? Na ƙarshe haɗari, na aljihu da na jiki.

Akwai kuma maganar harshe. Mafi yawan darussan da Turanci suke, amma hannu ake kallo, don haka ɗan Turanci kaɗan ya isa. Masu Faransanci su lura cewa malaman Faransa suna kiran sauti do, re, mi, na Ingila da Amurka kuma C, D, E. Abu ɗaya ne: C ita ce do, G ita ce sol, A ita ce la. Rubuta wannan a takarda ka manna a bango, cikin mako guda zai zauna.

YouTube

Nan kowa yake farawa, kuma da dalili. Ba ka biyan ko sisi ban da data. Kusan duk waƙar da ta yi suna a duniya akwai wanda ya zauna ya warware ta yatsa bayan yatsa. Manyan wannan fanni na zamanin nan ma a nan duniya ta san su: Sungha Jung na Koriya ta Kudu yana yaro ɗan kimanin shekara goma aka fara saka bidiyonsa a 2006, kuma a wannan shekarar ce bidiyon Andy McKee na Amurka ya karaɗe intanet.

Kayan aikin da YouTube ke da su sun fi yadda mutane suka sani. Kana iya rage gudun bidiyo zuwa 0.75, 0.5, har 0.25 ba tare da sautin ya sauya murya ba. A kwamfuta, idan ka tsayar da bidiyo, maɓallin waƙafi da na aya suna matsar da hoton gaba ko baya kaɗan-kaɗan, har ka ga daidai inda farce ya shiga ƙarƙashin tsirkiya. Ni a 0.5 nake kallon sabon sashe, sau biyar ko shida, jita tana jingine ban taɓa ta ba tukuna.

Matsalar YouTube ita ce kasuwa ce, ba makaranta ba. Yau ka fara waƙa, ka kai tsakiya ta yi tsauri, sai ga wata a gefe tana kiranka. Bayan wata shida kana da farkon waƙa goma, babu guda da za ka kaɗa wa baƙo daga fari har ƙarshe. Mai bidiyon kuma abin da zai jawo 'yan kallo yake sakawa, shi ya sa za ka ga an rubuta "mai sauƙi" a kan kiɗan da sai wanda ya shekara biyu yake iya shi. Sannan babu mai tantance malamai. Wani ƙwararre ne, wani bara ya fara, kuma sabon shiga ba ya iya bambancewa.

Maganin rashin tsarin yana nan kuma kyauta ne. Justin Sandercoe, ɗan Ostireliya, ya buɗe shafinsa na JustinGuitar tun 2003, kuma ya jera darussansa aji-aji daga ranar farko ta mai koyo. Na shafin ba a biya, manhajar waya ce ke da kuɗi. Ba kiɗan yatsu kaɗai yake koyarwa ba, amma tushen da ake bukata, wato sauya kod ba tare da tsayawa ba da riƙe lokaci, yana nan a jere. Duk wanda ya zaɓi hanyar kyauta, ya kama malami guda irin wannan ya bi shi zuwa ƙarshen aji, ya bar yawo.

Dorewa kuwa ba tabbas. Bidiyon da ke koyar da waƙar wani yana iya ɓacewa dare ɗaya idan masu haƙƙin waƙar suka yi ƙorafi, ko mai tashar ya rufe ta. Abin da ka koya, ka rubuta shi a littafi.

Makarantun wata-wata

Waɗannan shafuka ne da ka biya sai a buɗe maka ɗakin karatu gaba ɗaya. Guitar Tricks yana nan tun 1998. Fender Play na kamfanin ƙera jita na Fender ne, ya fito a 2017, an gina shi don sababbin shiga da gajerun bidiyo. TrueFire ya fi karkata ga wanda ya riga ya ɗan yi nisa, kuma a fannin yatsu ya fi sauran zurfi, domin a can akwai darussan Tommy Emmanuel, ɗan Ostireliyar da Chet Atkins, shahararren makaɗin jita na Amurka, da kansa ya karrama shi a matsayin gwani. Farashin irin waɗannan yakan faɗa tsakanin dala 20 zuwa 30 a wata, yana sauka sosai idan ka biya na shekara, kuma sukan ba da 'yan kwanakin gwaji.

Me kake saye da wannan kuɗi? Na farko, kyamara. Ana ɗaukar darasin ta ɓangare biyu ko uku, ɗaya a kan hannun dama kaɗai, kuma a kiɗan yatsu wannan ba ƙaramin abu ba ne, don a bidiyon kyauta da yawa hannun tsinka yana can gefe a cikin inuwa. Na biyu, rubutun tab da ke tafiya tare da bidiyo. Tab layi shida ne, kowanne tsirkiya guda, na ƙasa shi ne mai kauri, lambar da ke kai kuma tana gaya maka gaɓar da za ka danne a wuyan jita. A wasu shafukan kana iya zaɓar daƙiƙa huɗu kacal ka sa su yi ta maimaituwa a hankali har hannunka ya ɗauka. Na uku, an jera maka hanya.

Amma ka yi lissafi da idon basira. Kuɗin dala ne, kuma katin banki na gida ba kullum yake wucewa a shafukan waje ba, don haka ka gwada kafin ka sa rai. Kuɗin yana sabunta kansa. Kwanakin gwaji suna ƙarewa a cire na wata, ko na shekara ma idan shi ka danna. Ka sa ƙararrawa a waya kwana biyu kafin wa'adin. Sannan haya ce: ranar da ka daina biya, ƙofa ta rufe. Ga wanda yake taɓa jita sau biyu a mako, wannan kamar kama ɗaki ne a gari kana kwana a ƙauye.

Jerin waƙoƙinsu ma yana da iyaka, domin sai wadda suka biya haƙƙinta suke koyarwa, kuma galibi na Amurka da Ingila ne. Idan wata waƙa takamaimai ce ta kawo ka, bincika tana nan kafin ka biya.

A wannan rukuni akwai manhajoji irin su Yousician, ta ƙasar Finland, waɗanda suke saurarenka ta makirfon waya su gaya maka ko ka bugi sautin daidai kuma a kan lokaci. Suna da daɗi, yara suna son su, kuma suna taimakawa wajen riƙe lokaci. Sai dai kunne ne da su, ba ido. Ko da wane yatsa ka tsinka, ko wuyan hannunka a karye yake, in dai sautin ya fito za su ba ka maki.

Saye ɗaya: kwas ko rubutun waƙa

Wannan hanya kashi biyu ce. Akwai cikakken kwas, irin na shafin sayar da kwasa-kwasai na Udemy, wanda ka biya sau ɗaya ya zauna a asusunka. Farashin da ake rubutawa a kai yana da yawa, amma ragi yana zuwa a kai a kai har ya sauko ƙasa da dala 20, don haka kada ka yi gaggawa. Suna da tsarin mayar da kuɗi cikin kwana 30 bisa sharuɗɗansu, kuma manhajarsu tana bari ka sauke darasi ka kalla ba intanet. TrueFire ma yana sayar da kwas ɗai-ɗai ga wanda ba ya son biyan wata-wata. Ga mai fama da tsadar data wannan babbar riba ce: ka je inda ake da intanet mai ƙarfi ka sauke sau ɗaya, ka yi wata uku kana kallo a gida, ko akwai sabis ko babu.

Kashi na biyu shi ne sayen rubutun waƙa guda daga wanda ya tsara ta. Yawancin masu kiɗan yatsu a YouTube haka suke cin abinci: su kaɗa kyauta, tab ɗin kuma su sayar a shafinsu ko a Patreon, shafin da masoya ke biyan masu fasaha, kan 'yan daloli. Idan fayil ɗin na Guitar Pro ne, manhajar tana kaɗa maka shi a gudun da kake so. Wannan ya fi tab ɗin kyauta da kowa ke iya sakawa, waɗanda da yawansu akwai kuskure a ciki, kuma sau da yawa ba sa nuna tsawon kowane sauti.

Abin lura biyu kafin ka sayi tab. Duba ɗaurin tsirkiya. Ɗaurin yau da kullum shi ne E, A, D, G, B, E daga mai kauri zuwa siririya, amma masu kiɗan yatsu suna yawan sauya shi, kamar DADGAD da Davey Graham na Birtaniya ya yaɗa a shekarun 1960. Kwancewa da ɗaurewa kullum yana gajiyar da tsirkiya, kuma wanda yake garin da sai an yi aike kafin a samu sabuwa ya san darajar guda ɗaya. Duba kuma ko ana bukatar kapo, ɗan maƙalin nan da ake matse wuyan jita da shi.

Raunin wannan hanya shi ne kaɗaici. Ba mai tambayarka ina ka kwana, kuma kwas nawa ne aka saya aka tsaya a darasi na huɗu? Ingancin ma ya bambanta ƙwarai daga malami zuwa malami. Kalli darussan gwajin da ake buɗewa kyauta, ka lura da abu guda: shin kana ganin hannun tsinka sarai?

Malamin da ke ganin hannunka

Bari in ba da nawa labarin, don shi ya sa nake nanata wannan. Na yi kusan wata huɗu ina koyo daga bidiyo, kullum bayan sallar isha'i, rabin awa. A hankali komai yana tafiya, amma da na ɗan ƙara gudu sai yatsuna su harɗe. Na ɗauka rashin yawan gwaji ne, na ƙara lokaci, har wuyan hannuna ya fara tsami. Daga baya na jingina waya da kofin shayi, na ɗauki bidiyon minti ɗaya, na aika wa wani malami ta WhatsApp. Amsarsa ba ta kai minti biyu ba. Ya ce babban yatsana yana shigewa cikin tafin hannu, yana karo da manuniya. In fito da shi gaba, wajen wuyan jita, yadda in na kalli hannuna daga sama zan ga shi da manuniya sun gitta juna. Na kalli malaman bidiyo suna yin haka sau ɗari, idona bai taɓa kamawa ba, domin ban san abin da zan duba ba. Gyaran ya ɗauke ni mako shida, ya fi wahalar koyon farko.

Makaɗan garaya da na gurmi ba su taɓa bukatar a gaya musu wannan ba. Yaro yana zaune gefen maigidansa, in ya karkace a ɗaga masa yatsa a mayar inda ya dace. Abin da bidiyo ya cire ke nan, kuma shi wannan hanya ta huɗu take mayarwa.

Ita ma iri biyu ce. Akwai darasi kai tsaye ta Zoom ko kiran bidiyo na WhatsApp. Yana da daɗin tambaya nan take, amma yana son sabis mai ƙarfi na tsawon awa guda, kuma jinkirin da ke tsakanin ɓangarorin biyu ba zai bari ku kaɗa tare ba, sai dai ɗaya ya yi ɗaya ya saurara. Waɗannan manhajoji don magana aka yi su, sukan ɗauki sautin jita a matsayin hayaniya su datse shi; a Zoom akwai wurin da ake kunna sautin asali don makaɗa, ka kunna kafin a fara. Malamin Turai ko Amurka yana iya karɓar a awa ɗaya abin da makarantar wata-wata take karɓa a wata guda, ko fiye.

Iri na biyu shi ne musayar bidiyo, kuma a ganina shi ya fi dacewa da yanayin wutarmu da sabis ɗinmu. Ka ɗauka lokacin da ka samu natsuwa, ka tura lokacin da sabis ya yi kyau, malami ya amsa da nasa bidiyon, wanda za ka ajiye ka yi ta komawa kansa. Shafin ArtistWorks a kan wannan tsarin aka gina shi, kuma Martin Taylor, gwanin jaz na Birtaniya, ya buɗe makarantar kiɗan yatsu a can. Ɗalibai suna kuma iya kallon amsoshin da aka ba wasu, abin da yake koyarwa sosai, don kuskuren ɗalibai kusan iri ɗaya ne. Amma ba sai ka je nesa ba. Makaɗin coci ko na sitidiyo a Jos, Kaduna ko Yamai wanda ya iya yatsu zai iya yi maka wannan a kuɗin gida.

Haɗarin a nan na amana ne. Kada ka biya kuɗin wata uku ga wanda ba ka taɓa ganin kiɗansa ba. Nemi ya turo bidiyonsa yana kaɗa da yatsu, ba da ɗan robar kaɗawa ba, don da yawa gwanaye ne a wancan amma wannan ba fanninsu ba ne. Fara da darasi ɗaya. Idan yaro ko yarinya ake nema wa malami, babba ya zauna a wurin.

Malami nagari kuma ba zai tilasta maka hannunsa ba. Merle Travis da babban yatsa da manuniya kawai yake aiki. Elizabeth Cotten, bahaguwa ce, ta kifa jitar 'yan dama ta kaɗa ta a juye, manuniya tana riƙe kauri, babban yatsa yana rera waƙa, kuma har yau ana koyon salonta. Abin da malami yake nema shi ne inda hannunka yake yaƙi da kansa.

A taƙaice a tebur

| | YouTube | Wata-wata | Saye ɗaya | Malami |
|---|---|---|---|---|
| Kuɗin darasi | Babu | Kimanin dala 20 zuwa 30 a wata | Sau ɗaya, da ragi ƙasa da dala 20 | Mafi tsada a waje, da sauƙi a gida |
| Data | Da yawa | Da yawa | Kaɗan in ka sauke | Da yawa kai tsaye, kaɗan a musaya |
| Tsari | Sai ka yi wa kanka | Mai kyau | Ya danganta da malami | An ɗinka daidai kai |
| Gyaran kuskure | Babu | Kaɗan ko babu | Babu | Akwai |
| In ka daina biya | Yana nan, in ba a goge ba | Ya rufe | Naka ne | Abin da ka ajiye |
| Babban haɗari | Yawo da mugun sabo | Cirar kuɗi ba ka shirya ba | Saye a ajiye | Malamin da bai iya ba |

Kuɗin da ba ya cikin tebur

Kowace hanya ka bi, jitar ce za ta yanke ko za ka dore. Mai tsirkiyar roba, wato nailan, ta fi taushi a yatsa, wuyanta kuma ya fi faɗi, kusan milimita 52 a sama, don haka yatsu suna samun fili. Mai tsirkiyar ƙarfe wuyanta yana wajen milimita 43 zuwa 45, sautinta ya fi kaifi, ita ce kake ji a yawancin bidiyon zamani, amma makonnin farko tana cizo kafin kan yatsu ya yi kanta. Kada ka taɓa ɗaura tsirkiyar ƙarfe a jitar da aka yi don nailan, ƙarfin jan zai ɓalle ta. Idan tsirkiya ta yi nisa da wuya har sai ka matsa da ƙarfi, kai ta wurin mai gyara ya sauke ta; wannan ya fi maka darasin wata guda amfani.

Sai hunturu. Masu ƙera jita suna son damshin iska ya tsaya wajen kashi 45 zuwa 55 cikin ɗari, iskar Disamba da Janairu a ƙasar Hausa kuwa tana sauka ƙasa da haka nesa. Katako yana ƙanƙancewa, bakin ƙarafunan wuya ya fito yana yankar hannu, fuskar jitar ta tsage. Ka riƙa mayar da ita jakarta, ka saka ɗan soso mai laima a cikin robar sabulu da ka huda, yadda ruwa ba zai taɓa katakon ba. Malaman da ke Landan ba za su tuna su gaya maka wannan ba.

Farce kuma: na hannun dannewa a yanke ƙasa, na hannun tsinka a bar shi ya ɗan leƙo kan tsoka kaɗan, a goge bakinsa ya yi santsi. In aikinka ba ya barin farce, tsokar yatsa ta isa. Tsamin kan yatsa abu ne da aka saba. Zafi a wuyan hannu ko gwiwar hannu kuwa alama ce ta ka tsaya.

Wa ya kamata ya ɗauki wace

Idan yau ka fara, ko kod ba ka gama riƙewa ba, kada ka biya kowa tukuna. Bi aji na farko na malami guda a kyauta har ka iya sauya C, G, D da Am ba tare da ka tsaya ba. Kuɗin da ka tanada ka kai jitar a daidaita ta.

Idan ka iya kod, kana kuma da rabin awa kullum da intanet tsayayye, makarantar wata-wata za ta biya ka. Yi wata ɗaya ka gani kafin ka ɗauki na shekara. Sabon hannu zai fi sakewa a Fender Play ko Guitar Tricks, wanda ya yi nisa kuma TrueFire.

Idan data ce damuwarka, ko kana inda sabis yake zuwa yana tafiya, sayi kwas guda lokacin ragi, sauke shi, kada ka sayi na biyu sai ka ƙare na farko.

Idan waƙa ɗaya ce a ranka, ta biki ko ta wani da kake ƙauna, nemi wanda ya tsara ta daidai ƙarfinka, sayi tab ɗinsa, ka haɗa da bidiyonsa a 0.5.

Idan ka yi watanni kana wuri ɗaya, ko hannu ya fara ciwo, ƙarin bidiyo ba zai fitar da kai ba. Nemi malami, ko da sau ɗaya a wata ne. Wannan ita ce haɗakar da nake ba yawancin mutane shawara: darasin kyauta ko kwas guda don yau da gobe, da bidiyon minti ɗaya zuwa ga malami duk ƙarshen wata.

Idan kuwa abin da ya ja ka ba salon Amurka ba ne, kiɗan Ali Farka Touré na Niafunke a ƙasar Mali ne, ko na 'yan Agadez irin su Bombino, to manyan makarantun nan ba su da abin ba ka sosai. A wannan kiɗa babban yatsa yana riƙe da sauti guda yana maimaita shi, manuniya tana zuba waƙa a kai, kuma nauyinsa yana cikin lokaci da lanƙwasar sauti, abin da tab ba ya iya rubutawa. Kalli bidiyon wasanninsu inda kyamara ta matso hannu, rage gudu, ka fara rera abin da baki kafin ka neme shi a tsirkiya. Sannan ka tambayi 'yan'uwa a Agadez, Tawa ko Yamai su haɗa ka da makaɗin da zai yarda ku riƙa musayar bidiyo, ku yi ciniki da Hausa, ka biya shi da sefa ko naira.